Wai da gaske ne Musashi da filafilin kwale-kwale ya kashe Kojiro, ko zuƙi ta malle ce?

Ɗan Fagge:

Slm jama'a. Dan Allah waɗanda suka san tarihin Japan ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun jiya. Ƙanina ne ya ishe ni da wani manga (littafin labari mai zane-zane na Japan) a wayarsa, Vagabond, wai lallai sai na karanta, ni kuwa tun zamanin gidan kallo duk fim ɗin da na ga ana sare-sare da takobi Chainis nake ce masa, sai yaron nan ya ce a'a yaya wannan Japan ne, kuma mutumin an yi shi da gaske, sunansa Miyamoto Musashi. To da dare na ɗan leƙa intanet sai na ci karo da abubuwan da kaina ya kasa ɗauka. Wai ya yi fito-na-fito sama da sau 60 ba a taɓa kai shi ƙasa ba, wai yana ɗan shekara 13 ya fara kashe ƙato, wai kuma babban abokin karawarsa ma ba da takobi ya gama da shi ba, filafilin kwale-kwale ya fafe a kan hanya ya je ya rotsa masa kai. Haba jama'a, sai ka ce tatsuniyar gizo. Wanne ne tarihi wanne ne ƙari a ciki? Sannan me ya sa ko'ina sai an cusa shi, gem, katun, har littafinsa na taɓa gani a shimfiɗe wajen mai sayar da littattafai a bakin titi, a tsakiyar littattafan yadda ake yin kuɗi. Me ya haɗa mai takobi da kasuwanci?

Malamin Firamare:

Wa alaikumussalam Ɗan Fagge. An yi shi kam, wannan babu ja. An haife shi wajen 1584 ya mutu 1645, zane-zanen da ya yi da hannunsa suna nan har yau, har da wasiƙa. Inda gizo ke saƙar shi ne wa ya ba da wane labari, kuma yaushe.

Maganar sama da 60 ɗin nan shi da kansa ya rubuta ta a farkon littafinsa Go Rin no Sho, wanda ake ce wa littafin zobba biyar. Ya ce yana da 13 ya doke wani Arima Kihei, yana da 16 ya doke wani Akiyama, yana da 21 ya shiga Kyoto ya kara da manyan masu takobi, haka ya yi ta yi har ya kai 28 ko 29 ba wanda ya ci galabarsa. Ka ga shaidar kai ce. Abin da ya sa nake ɗan sassauta masa, a nan wurin dai ya ce da ya haura 30 ya waiwaya sai ya ga ba wai ya gama ƙwarewa ba ne, ƙila baiwa ce kawai, ko kuma waɗanda ya haɗu da su ne ba su iya ba, ya ce sai da ya kai wajen 50 sannan ya gane hanya. Mai cika baki zalla ba ya rage wa kansa tsawo haka.

Batun filafili kuwa. Karawar ana cewa a 1612 aka yi ta, a wani ɗan tsibiri cikin mashigin ruwan da ya raba manyan tsibiran Japan biyu, Honshu da Kyushu, dab da Shimonoseki. Da sunansa Funashima, yanzu Ganryujima ake ce masa, kuma Ganryu ɗin laƙabin wanda aka kashe ne ba wanda ya yi kisan ba, ka ji wani abu. Yadda kowa ya san labarin: Sasaki Kojiro yana da wani dogon takobi da ake wa laƙabi da sandar shanya saboda tsayinsa, da wani sara da ake ce wa juyin tsattsewa. Musashi ya makara da gangan, ya bar shi yana ta safa da marwa a bakin ruwa rana na dukansa, da ya iso Kojiro ya zare takobi cikin fushi ya yar da kuben a ruwa, Musashi ya ce masa ai ka riga ka faɗi, mai niyyar komawa gida ba ya yar da kubensa. Bugu ɗaya a ka, shikenan.

Daɗi ne da shi ko? To Musashi bai ambaci Kojiro ba ko sau ɗaya a littafinsa. Dutsen tunawa da ɗan riƙonsa Iori ya kafa masa a Kokura a 1654 ya ambaci karawar, ya ce da takobin katako ya kashe Ganryu bugu ɗaya, amma babu makara babu filafili a jikin dutsen. Labarin da aka fi yaɗawa da duk kayan miyarsa daga wani littafi ne mai suna Nitenki na 1776, wato shekara 131 bayan mutuwarsa, kuma mutanen makarantarsa ne suka haɗa shi. Akwai ma wani rubutun gidan Numata da ya ce Kojiro bai mutu nan take ba, suma ya yi, da ya farfaɗo sai almajiran Musashi da suka ɓuya a tsibirin suka fito suka ƙarasa shi. Wannan kam ba za ka gan shi a fim ba.

Na Gidan Dambe:

Hhhh Malam ai ka gama magana da ka ce shaidar kai ce. Ka taɓa jin ɗan dambe ya shigo fili yana kirari ya ce ranar kaza an kashe ni a garin kaza? Ba a yi shi ba. Kowa kisan da ya yi yake lissafawa, wanda aka yi masa kuwa sai dai ka ji a bakin makaɗin abokin hamayya. Mu da za a samo makaɗin gidan su Kojiro da mun ji wata waƙar daban.

Kuma ni wlh ko labarin gaskiya ne bai burge ni ba. An ce ƙarfe kaza, ka shanya mutum har ransa ya ɓaci, ka zo da gora wadda ta fi takobinsa tsawo, wannan ai wayo ne ba jarumta ba. Haka na karanta na gidan Yoshioka, masu makarantar takobi a Kyoto, wai ya buge yaya ya buge ƙane, da suka yi masa gayya sai ya riga su zuwa ya laɓe ya fito ya sare yaron da suka naɗa magaji, yaro ƙarami fa. Wannan ne gwanin naku? Sannan ina takobi biyun da ake ta zana shi da su, duk labarin da aka kawo sai ka ji katako ne a hannunsa.

Maman Biyu:

Na Gidan Dambe ka bi a hankali, Musashin da kake zagi da wanda ƙanin Ɗan Fagge yake so duk ba shi ba ne, na Yoshikawa ne. Bari in yi bayani, dan ni ta wannan ƙofar na shigo, miji na kallon ƙwallo ni ina manne da manga har yara su yi barci.

Wani marubuci Eiji Yoshikawa ne ya riƙa fitar da labarin Musashi kashi-kashi a jaridar Asahi daga 1935 zuwa 1939, kamar dai yadda marubutanmu suke sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp ana jiran na gobe. Shi ne ya ɗauki ɗan abin da tarihi ya bari ya yi masa ɗinki: yaro tantiri mai taurin kai wanda garinsu ya tsana, wani malamin addinin Buddha mai suna Takuan ya ɗaure shi a bishiya ya gyara masa zama, sai ya shiga duniya neman gyaran hali ta hanyar takobi. Budurwar nan Otsu da take ta binsa gari-gari ƙirƙira ce, abokinsa Matahachi ma haka. Takuan an yi shi, amma haɗa su da ɗaurin bishiyar aikin marubuci ne. Ai in babu soyayya wa zai jira jarida shekara huɗu.

Daga nan kusan kowa a rijiyarsa yake ɗiba. Fim uku da Hiroshi Inagaki ya yi daga 1954 zuwa 1956, Toshiro Mifune ne Musashi, na farkon har kyautar girmamawa ta Oscar ya samu, to daga littafin aka ɗauko su. Vagabond ɗin ma daga littafin ne, Takehiko Inoue ya fara shi a 1998, sai dai shi ya ƙara nasa, ya mai da Kojiro kurma wanda takobi ne kawai harshensa, kuma gaskiya nasa Kojiron ya fi shiga raina a kan Musashin. Ɗan Fagge ka gaya wa ƙaninka ya shirya zuciyarsa, littafi 37 ne suka fito, tun 2015 abin ya tsaya cak, har yau ba a kai ga tsibirin ba. Mu mun gaji da jira mun rungumi ƙaddara.

Sauran kuwa wasa ne kawai da suna. A mangan Baki an tono shi an dawo da shi duniya yana sarar 'yan zamani, a gem ɗin Fate mace ce ma sukutum. Wanda ya fi ba ni dariya, ɓarayin nan biyu na katun ɗin Pokemon da kullum ake cilla su sama, Jessie da James, a asalin na Japan sunansu Musashi da Kojiro. Mutum ya yi sittin ba a kayar da shi ba, an sa sunansa a kan wadda kullum sai ta sha kashi.

Malamin Firamare:

Hajiya Maman Biyu Allah ya ƙara sani, na Pokemon ɗin nan yau na fara ji.

Na Gidan Dambe, da Musashi zai ji ka ce masa mai wayo ba zai ji haushi ba, ai abin da yake koyarwa kenan. A littafin ya ce ka sa rana a bayanka, ka tura abokin gaba inda ƙasa ba ta da kyau, ka harzuƙa shi, ka tsorata shi, duk abin da zai sa ka sare shi ka yi. Har zagin makarantun da suka mai da takobi kayan ado da neman kuɗi ya yi. Takobi biyun ma dalilinsa ba na burga ba ne, samurai, wato mayaƙin Japan na da, da ma biyu yake sakawa a ɗamara, dogo da gajere, shi kuma ya ce asara ce ka mutu da makami a kube ba ka zare ba, kuma in kana kan doki ko kana gudu a cikin taɓo ko cunkoso riƙon hannu biyu takura ne, gara ka saba da hannu ɗaya.

Abin da fim ba ya son nunawa shi ne tsufansa. Ya taso daidai lokacin da yaƙe-yaƙe ke ƙarewa, gidan Tokugawa ya kama mulki a 1603, bayan faɗuwar Osaka a 1615 ƙasa ta lafa, masu takobi marasa ubangida suka cika gari ba aikin yi. Yagyu Munenori shi ya samu kujerar koyar da gidan shogun, wato shugaban sojan da ke mulkin Japan, har ya zama mai ƙasa, Musashi kuwa baƙunta ya yi ta yi daga wannan gida zuwa wancan. A tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, inda akasari manoma Kiristoci ne suka tayar, ya je cikin masu murƙushe tawayen yana da shekara hamsin da wani abu, aka jefo dutse daga kan ganuwa ya same shi a ƙafa, shi da kansa ya rubuta a wasiƙa. Sai a 1640 gidan Hosokawa na Kumamoto suka karɓe shi, a 1643 ya shige kogon Reigando ya fara rubutu, ya gama gab da mutuwarsa. In ka samu dama ka nemo zanensa na tawada, wani ɗan tsuntsu a saman busasshen reshe da tsutsa tana hawowa daga ƙasa ba ta san abin da ke jiranta ba. Ni wannan ya fi min duk karawar.

Littafin kasuwanci kuma, Victor Harris ya fassara shi da Turanci a 1974, da kamfanonin Japan suka fara cinye kasuwar mota da kayan lantarki a shekarun 1980 sai manajojin Amurka suka ruga saye suna zaton sirrin yana ciki. Alhali ba littafin ciniki ba ne, yadda za ka sare mutum kafin ya sare ka ne.

Ɗan Fagge:

Kai jama'a na gode, Malam Allah ya saka da alheri, Hajiya ke ma haka. Na karanta wa ƙanina batun almajiran da suka laɓe a tsibiri ya ce sharrin maƙiya ne, ya fizge wayarsa ya fita. Na Gidan Dambe ni dai ina bayanka a maganar yaron nan da aka sare, abin bai kwanta min ba ko a tatsuniya ne. Amma dutsen nan da aka jefo masa a ƙafa ya ba ni dariya har mai shayi ya tambaye ni lafiya, wato duk ƙattin Kyoto sun kasa, wani manomi da ko sunansa ba a rubuta ba ya zaunar da shi. Hajiya tambaya ɗaya, in zan fara, fim ɗin Mifune zan nema ko in lallaɓa yaron nan ya turo min mangan? Datata ba ta da yawa.