Ina masu jita suke samun wurin wasa a Kaduna?

Ɗan Barnawa:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, masu jitar lantarki biyu, mai jitar bes, da mai ganguna. Kiɗan rok muke yi, amma da Hausa muke rerawa, waƙoƙin kuma namu ne. A garejin kawuna muke atisaye bayan la'asar. Damuwarmu wurin wasa. Duk lambun shaƙatawar da muka je, sai mai wurin ya ce mu kawo waƙar a filas, DJ ya saka, mu riƙe makirfo muna motsa baki. Mu kuwa so muke mutum ya zauna dab da mu, ya ga yatsa a kan tsirkiya, ya ji bugun ganga har ƙirjinsa. Yaya ake shawo kan masu wuraren nan?

Baba na Kakuri:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka taɓo mini inda yake ƙaiƙayi. A shekarun 1970, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, otal bai cika otal ba sai da makaɗansa na dindindin. Ƙarshen wata ma'aikata su karɓi albashi, wuri ya cika maƙil. Zamanin ƙungiyoyin kiɗa su Ofege da Blo ke nan a Legas, shi kuma mawaƙi Bongos Ikwue tun yana ɗalibi a ABU Zariya ya haɗa ƙungiyarsa. Da masaƙu suka rufe, aljihu ya bushe, ga fiyano ya shigo, mutum ɗaya yana aikin mutum biyar. Mai wuri lissafi yake yi, ba ƙin ku yake ba. Kada ku nemi daren Asabar. Ku roƙi Talata ko Laraba, ranar da kujerunsa suke wayam, ku ce man janareta a wuyanku, kuɗin ƙofa ku raba.

'Yar Malali:
Yayana, ku dubi Nijar mana. Mai jita Mdou Moctar a gidajen biki ya goge hannunsa kafin ya fara zagaya Amurka da Turai, ƙungiyar Tal National kuma a Yamai suka tara masoya, har da Hausa suna waƙa. Ku fara da dina da bikin kammala karatu. Ni dai zan zo da ƙawayena in wurin na mutunci ne, kuma aka tashi kafin tara na dare.

Mai Sauti, Sabon Tasha:
Abokina, a ƙaramin ɗaki ganguna ne ke cinye murya. Ku cusa bargo cikin babbar gangar, ku rage ƙarar jita, lasifika kuma ta kasance gaban makirfo, in ba haka ba za ta yi ta ƙugi har mutane su toshe kunne. Yawancin masu bes na gefenmu a coci suka koya, wajensu za ku samu hayar mikisa, na'urar haɗa sauti, da sauƙi.

Ɗan Barnawa:
Na gode ƙwarai. Baba, za mu gwada maganar Laraba. Mai Sauti, mikisa mai layi nawa za ta ishe mu huɗu?