Gashin fakara da zaren lemu: ya halatta in kira shi Partridge and Orange?

Ɗan_Gulbi ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni dai na ɗauko wata sana'a da ba kowa ke yinta ba nan Maradi, wato ɗaura ƙwaron ƙarya bisa ƙugiya da zare da gashin tsuntsu, irin wanda turawa ke kamun kihi da shi ba tare da koto ba. A YouTube na koya, in rezo ya yi kyau. Wanda na fi so shi ne mai gashi mai laushi da suke cewa soft-hackle don ba shi da wuyar ɗauri, zare ne kawai sai gashi guda ka naɗa a wuyan ƙugiya shi ke nan. To amma sunayen ne suka ɗaure mini kai, wani ya ce spider wani ya ce soft-hackle wani ya ce flymph kuma in ka duba hoton kusan duk abu guda ne, sannan ga Partridge and Orange ga Snipe and Purple ga Waterhen Bloa. Mi ke raba su? Kuma ni gashin fakara da na zabo nike samu, in na ɗaura da na fakara da zare ruwan lemu, ya halatta in kira shi Partridge and Orange ko ƙarya na yi?

Malam_na_Lise ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Sunayen nan ba su da ruɗani in ka gane daga ina suka fito. Asalinsu arewacin Ingila ne, yankin Yorkshire, koguna irin su Wharfe da Ure masu ruwan sanyi da gudu inda kifin trout ke zama. Mutanen can sun sa suna kamar yadda muke cewa shinkafa da wake, sunan ne ke gaya maka abin da ke ciki: tsuntsun da aka ciri gashinsa, sannan launin zaren silikin da aka yi jiki da shi. Partridge and Orange gashin bayan partridge ne, wani tsuntsu dangin fakara, mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, da siliki ruwan lemu. Partridge and Yellow tsuntsu ɗaya ne amma gashin ƙirjinsa mai ruwan toka ake ɗauka, da siliki ruwan ɗorawa. Ka ga ko a tsuntsu guda wurin da aka ciri gashin yana da magana. Snipe and Purple kuma ƙaramin gashin fiffiken snipe ne, wani tsuntsun fadama mai dogon baki, da siliki shunayya.

Waterhen Bloa ne ya ɗan kauce. Waterhen ita ce kazar ruwa, amma kalmar bloa ba launin zare ba ce, launin gashin ne, toka-toka mai shuɗi kamar hadari, a karin harshen mutanen arewacin Ingila. Jikinsa siliki ne ruwan ɗorawa da aka yayyafa masa ɗan gashin dabba kaɗan yadda zaren ke leƙowa ta ciki.

Kuma kar ka ɗauka su ma sun daidaita. T. E. Pritt da ya tattara su a littafinsa na 1885, wanda aka sake bugawa a 1886 da sunan North Country Flies, shi Orange Partridge ya rubuta, launi gaba tsuntsu baya, Snipe and Purple kuwa Dark Snipe ya kira shi. Kafin shi akwai W. C. Stewart ɗan Sikotlan, a 1857, shi nasa guda uku Black Spider, Red Spider da Dun Spider ya sa musu, launin gashi kawai babu sunan tsuntsu, har ma Black Spider ɗin da siliki ruwan ƙasa ake ɗaura shi ba baƙi ba.

Batun rabe-raben kuma ga yadda ni nake kallonsa. Spider suna ne da mutanen Birtaniya ke amfani da shi, ƙwaro ne mai siririn jiki gajere, babu wutsiya babu fiffike, gashi zagaye ɗaya ko biyu, kuma ba gizo-gizo yake kwaikwayo ba duk da sunan, ƙananan ƙwarin ruwa ne. Soft-hackle suna ne da ya bazu daga Amurka bayan littafin Sylvester Nemes na 1975, kuma ya fi faɗi, duk ƙwaron da ke nutsewa mai gashi mai laushi ana jefa shi ciki. Flymph shi ne na Pete Hidy, wanda ya koya wurin James Leisenring na Pennsylvania da ya fitar da littafinsa a 1941, jikin flymph ya fi kauri don gashin dabba ake murzawa tsakanin zare biyu, sau da yawa da wutsiya, yana kwaikwayon ƙwaro lokacin da yake tasowa daga ƙasan ruwa zai fito ya tashi. To kowane spider soft-hackle ne, amma ba kowane soft-hackle ne spider ba.

Naka kuwa, ni a ganina ka kira shi Fakara da Lemu. Ƙa'idar tasu ce ka bi, tsuntsu da zare, kuma duk wanda ya ji ya san abin da zai nema.

Tela_Zariya ya amsa:

Malam ka yi bayani amma ni ban yarda da ƙarshen ba. Ai su kansu turawan suna canja tsuntsu su bar sunan yadda yake. Red Spider na Stewart da gashin landrail ake yi, Dun Spider da na dotterel, tsuntsayen nan yanzu doka ta kare su ba a taɓa su, masu ɗauri suna sa wani gashin mai kama da shi kuma ba wanda ya canja suna. To don mi ɗan Maradi zai sa fakara, wadda ma dangin partridge ce, a ce sai ya sauya? In zai nuna ma wani bature hotonsa a Facebook ya ce Partridge and Orange ne da gashin fakara an wuce wurin.

Ni abin da zan ja hankalinka kanshi zaren ne Ɗan_Gulbi, don nan ne sana'ata. Su turawan da silikin kamfanin Pearsall's suka saba ɗaurawa, kuma siliki in ya jiƙe launinshi na ƙara duhu, ruwan lemun nan sai ya koma kamar ja mai ruwan ƙasa, to wannan launin kihi ke gani cikin ruwa ba wanda kake gani bisa tebur ba. Zaren ɗinki na roba da muke saye a babbar kasuwa ba ya haka, yadda ka sa shi haka zai tsaya shar. Ka nemi zaren aikin wuya na surfani mai sheƙi ka tsoma cikin kofin ruwa ka gani kafin ka ɗaura, kuma ka goga mishi kakin zuma, ruwan ɗorawa in ya sha kaki yana komawa kore-kore.

Tsohon_Masunci ya amsa:

Yaro Allah shi yi albarka. Ni ban san turancin nan naku ba, amma na san tabkin Madarumfa. Ina za ka jehwa abin nan? Gulbin Maradi in ba damina ba rairayi ne, in ruwa ya zo kuma ja ne wur da laka. Tarwaɗa da ƙamshi take neman abinci da gashin bakinta, gashin zabo ba shi da wari, sai dai ka sa mata tana ko hanjin kaza. In akwai wanda za shi kula ka to ƙarfasa ce, ita kam tana tasowa sama da maraice tana cafkar ƙwari bakin ciyawa, lokacin da ruwa ya kwanta bayan kaka. Kuma in ka tahi ka fara gaida sarkin ruwa, kar ka je kana kaɗa sanda bisa tarun mutane.

Ɗan_Gulbi ya amsa:

Na gode Baba, in sha Allah zan bi ta wurin sarkin ruwa. Malam da Tela kun bar ni tsakiya wallahi, amma ina ga a akwatina zan rubuta Fakara da Lemu, Zabo da Baƙi, Kurciya da Ɗorawa don in riƙa gane su, in na sa hoto ga turawa sai in bi ta Tela. Saura tambaya guda, gashin zabo ya yi tsawo ga ƙugiya lamba 14, in na naɗa sai ya wuce bayan ƙugiyar sosai, ya ake yi?

Malam_na_Lise ya amsa:

Na jikin zabo dama manya ne kuma da ɗan tauri, ka duba na saman wuya da na kafaɗar fiffike sun fi ƙanana. In ba ka samu ba ka tsige zarurrukan gashin daga karansa, ka ɗaura su suna kallon gaba ta wajen idon ƙugiya daidai tsawon da kake so, ka rarraba su zagaye, in ka gama jiki sai ka lanƙwaso su baya ka ɗaure. Ko ka hau ƙugiya lamba 10 ko 12 don sun fi 14 girma, ƙarfasa ba za ta damu ba. Kuma ka rage yawan gashin, wanda na gani a hoton da ka sa ya kai zagaye huɗu, ka tsige gefe ɗaya ka yi zagaye ɗaya da rabi ya isa.