Ko Rage Nauyin Babur Yana Rage Shan Mai? Muhawarar Masu Babur a Jos

Matashi mai babur, Bukuru: Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 nake neman hanyar da babur ɗina zai rage shan mai, kuma ina ganin na samu. Na cire ƙafar tsakiya da murfin sarƙa, na sa ƙaramar salansa a madadin ta kamfani, na sayi batirin litiyam, sannan na sauya farantin sarƙa na baya da na alminiyam. Abin da ya ragu ya kai kilo 7. Ina da yaƙinin cewa duk wanda ya yi haka zai ga sauƙi a aljihunsa, kuma babur ɗinsa zai fi ƙarfin hawa tudu.

Baba makanike, Dilimi: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi ƙoƙari, amma bari mu yi lissafi tukuna. Babur irin Boxer da muke hawa yana da kilo ɗari da 'yan kai, kai kanka za ka yi kilo 70, idan kuma ka ɗora kaya na kilo 100 to injin yana jan abin da ya doshi kilo 280, wanda kilo 7 a cikinsa bai kai kashi uku cikin ɗari ba. Lita 10 ta fetur ma nauyinta ya ɗan haura kilo 7, ke nan duk abin da ka cire daidai yake da bambancin cikakken tanki da wanda mansa ya kusa ƙarewa, kuma ban taɓa jin direban da ya ce babur ɗinsa ya zama sabo don mai ya kusa ƙarewa ba.

Matashi mai babur, Bukuru: Baba, da girmanka, ni ne nake kan babur ɗin, kuma jikina ya ji bambanci tun daga ranar farko. Idan nauyi ba shi da tasiri, me ya sa masu tseren babur a Turai suke kashe maƙudan kuɗi don su rage ko da rabin kilo ne?

Injiniya, Rayfield: Tambayar ƙanena tana da kyau, kuma ba zan so a yi watsi da ita ba. Nauyi yana da tasiri, sai dai a wurare ƙayyadaddu: lokacin tashi daga tsaye, lokacin hawan tudu, da lokacin taka birki. Idan babur ya miƙe a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya yana gudu ɗaya, iskar da ke bugun ƙirjin direba da kayan da ya ɗaure ita ce take cin mafi yawan ƙarfin injin. Mai tsere yana neman daƙiƙa guda ne a kan abokin hamayyarsa, ba kuma ya ɗaukar fasinja ko buhu, don haka lissafinsa daban ne da namu.

Akwai kuma abin da Baba bai ambata ba, wato ba kowane kilo ne daidai da ɗan uwansa ba. Kilo ɗaya da aka rage a wili ya fi kilo ɗaya da aka rage a jikin babur amfani, domin wili juyawa yake yi, sai injin ya yi aikin juya shi bayan aikin tura shi gaba, sannan shi ne yake hawa da sauka a kan kowane rami, kuma idan ya yi sauƙi taya ta fi zama a ƙasa. Game da alminiyam kuwa, gaskiya ne cewa nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma taurinsa wajen jure lanƙwasa shi ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne, shi ya sa dole a yi kayan da kauri, ribar nauyin kuma ta ragu sosai. Ina kuma zaton ƙarar sabuwar salansa tana cikin abin da jikinka ya ji.

Mai dakon dankali, Bokkos: Yallabai Injiniya, a kan maganar wili ne zan saɓa maka. Mu da muke fito da dankalin turawa daga gonaki zuwa bakin titi mun san abin da rami yake yi. Wili mai sifok idan ya bugi dutse lanƙwashewa yake yi, makanike ya ɗaure wannan waya ya sassauta waccan, ya dawo daidai ka ci gaba da nemanka. Na alminiyam kuwa tsagewa yake yi, na ga wanda ya dare daga baki har kusa da cibiya, iska ta fice nan take, mai shi ya tura babur da kaya har gari. Idan aka yi masa walda ma hankali ba ya kwanciya da shi. Ban da haka, a ƙananan babura sau da yawa idan ka ɗaga su biyun a hannu ba za ka ji wani bambancin kirki ba. Abin da zan yaba wa na alminiyam shi ne yana karɓar taya marar tub, wadda ƙusa ba ta sace mata iska farat ɗaya.

Baba makanike, Dilimi: Allah ya yi maka albarka. Ni abin da ya fi damuna shi ne murfin sarƙa da farantin nan. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da man da ke jikin sarƙa tana zama kamar dutsen wasa wuƙa, alminiyam kuma ya fi ƙarfe laushi. Ana kawo mini irin waɗannan faranti haƙoransu sun siraranta sun karkata gefe guda, sarƙa tana tsallake su idan aka murɗa wuta, kuma idan faranti ya lalace tare yake tafiya da sarƙar. Kuɗin da za ka kashe wajen sauya su ya ninka ɗan man da kake fatan ragewa. Buɗaɗɗiyar sarƙa kuma tana kama zanin mace ko bakin babbar riga, wannan kuwa ya wuce maganar kuɗi.

Injiniya, Rayfield: Na karɓi gyaran ɗan uwana na Bokkos a kan hanyoyin karkara. Zan ƙara da cewa Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba, don haka injin yana rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa, kafireta kuma tana iya ba da mai fiye da yadda ya dace da iskar da ke shiga. Wanda ya sa aka daidaita masa kafireta, ya wanke abin tace iska, ya duba fulogi, ya cika taya yadda kamfani ya rubuta, zai ga ragin mai da ya fi na kilo 7. Batirin litiyam ba shi da laifi, yana rage kilo ɗaya ko biyu, amma ba ya jure cajin da ya wuce kima, sai a auna wutar da babur yake ba shi kafin a ɗaura.

Matashi mai babur, Bukuru: Na ji bayaninku, kuma zan mayar da murfin sarƙa saboda fasinja. Amma har yanzu ban yarda cewa ragin ba shi da amfani ba, domin Injiniya da kansa ya ce nauyi yana aiki a tudu da wurin birki, mu kuma ƙasarmu duk tudu ce, wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo ya san darajar kowane kilo a kan birki. Ina neman a gwada: a cika tankina da na wani babur irinsa wanda ba a taɓa ba, mu je Mangu mu dawo, a sake cikawa a gani.

Baba makanike, Dilimi: Na amince, bisa sharaɗi. Babura biyu ba sa shan mai daidai ko da rana ɗaya aka saye su, saboda haka naka za a gwada shi kaɗai, ka je da kayan da ka sa, sannan mu mayar da na kamfani ka sake zuwa, da direba ɗaya da kaya ɗaya da gudu ɗaya, kuma a maimaita tafiyar fiye da sau ɗaya. Ka kawo tsofaffin kayan gareji ranar Asabar da safe, ni zan ɗaura maka su kyauta.