Tsire ne ko ƙuli-ƙuli a tsinke?

Bakano: Jama'a ina da magana, wanda zai ji haushi ya ji. Tsire ya mutu. Abin da ake sayar mana yanzu ƙuli-ƙuli ne a jikin tsinke. Jiya bayan isha'i na tsaya wajen wani mai tukuba a hanyar gida, na ce a ba ni na dubu biyu. Tsinke huɗu ya zaro. Na ɗaga ɗaya saitin ƙwan fitilarsa, wallahi ina hango haske ta cikin naman. Ya zuge su a takarda, ya tula albasa da kabeji, ya barbaɗa yaji ya naɗe. Da na kwance a gida, ƙaramar 'yata ta tona da yatsa ta ce, Baba ina naman? Ni na yanke hukunci: mai son cin nama a waje a wannan zamani ya sayi balangu. A balangu kana ganin abin da ka biya. Tsire kuwa yaudara ce aka yi wa kwalliya da yaji.

Bazazzagi: Alhaji, gyara maganarka. Ka ce tsiren Kano ya mutu. Ku da kuke iya fere nama har ya koma takardar jarida, yau ne za ka yi mamaki? Zo Zariya ka ci tsire mai tsoka, wanda idan ka ciza sai romo ya gangaro maka a haɓa.

Bakano: Malam, na ci na Zariyar watan jiya, a bakin tasha. Bambancinsa da namu, naku ya fi tauri ne kawai. Sai da na nemi tsinken sakace.

Bazazzagi: Wanda ya je tasha neman tsire ai shi ya so. Matafiyi ake sayar wa, an san ba zai dawo ƙorafi ba.

Basakkwace: Ku duka biyun kuna gardama bisa abin da ba ku iya ba. Mu nan Sakkwato da munka tashi, nama munka sani, ba gari ba. A gasa rago, a sa mai gishiri, a ba ka tonka gefe guda, in ka so ka dangwala. Wanga turbuɗe nama cikin ƙuli da kuke yi, ɓoye aibi ne. Ina bayan Alhaji, balangu shi ne nama.

Barunje: Na ga ana ta yanka mu babu bismilla, bari in sa baki. Ni a gidan fawa aka haife ni, na gaji tukuba a wajen mahaifina, yanzu yarana ne a kanta ni ina zuwa kara sayen dabba. Alhaji, ba zan ce ƙarya ka yi ba. Tsinke ya rame. Amma ka tambayi kanka dalilin da ya sa aka rage naman maimakon a ƙara kuɗin yadda ya kamata. Mai sayen tsire da kuɗinsa a ka yake zuwa. Shekara da shekaru ya saba tsinke naira 100 ne. Ka kai shi 200, ya yi tsaki ya saya. Ka kai 500, ya yi maka wa'azi sannan ya saya. Ka ce masa 1,000, wanda shi ne gaskiyar tsinken da yake tunawa, sai ya tada babur ɗinsa ya bar ka da namanka. Shi kuma naman da aka riga aka tsire ba ya kwana biyu yana jiran mai kuɗi. To ko dai ka fere ya yi fāɗi, ko ka rufe tukuba.

Sannan mu koma kara. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin fetur ya tafi, litar da ba ta kai 200 ba ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta taɓa 1,000. Sa ba ya tashi sama, mota ke kawo shi daga Potiskum ko Maigatari ko Mai'aduwa. A watan Yunin shekarar aka saki naira ta nemi farashinta da kanta. A Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka wata da watanni. Kafin duk wannan, satar shanu ta riga ta cinye garke da yawa a Zamfara da Katsina, har a 2021 gwamnatocin can suka rufe kasuwannin dabbobi na wani lokaci. Ga gawayi, ga man gyaɗa, ga ita kanta tunkuzar da kuke rainawa, gyaɗa ce fa, ba ƙasa muke ɗiba ba. Duk wannan a kan tsinke ɗaya yake sauka.

Bakano: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ba da kai nake ba. Amma ka ƙara mini ƙarfi ne. Kai da bakinka ka ce ana ferewa don ya yi fāɗi. Shi mai balangu me zai fere? Ga cinya nan a kan waya, in nuna inda nake so, ya yanka a gabana.

Barunje: Ɗana, ka taɓa tsayawa ka kalli hannun mai balangu lokacin da yake yanka? Yanka biyu na farko tsoka ce, ita yake ɗora maka a baki a matsayin ɗanɗano. Kana tauna kana gyaɗa kai, wuƙar ta koma gefen kitse da jijiya. Ya haɗa da ƙashin haƙarƙari, ya zuba romon man da ya taru a takarda, ƙunshi ya yi nauyi. Ka je gida ka ware ƙashi gefe, kitsen da ya daskare gefe, ka ga abin da ya saura. Tsire ko ya rame, babu ƙashi a cikinsa. Ban ce mai balangu macuci ba ne, ƙanena ma ita yake yi. Shi ma ragon da tsada ya saye shi, dole kowane ɓangare ya fita. Kowa da inda yake ɓoye tsadarsa, mu a fāɗi, su a nauyi.

Basakkwace: Baba, ƙashin nan da kake rainawa shi ne daɗin abin. Amma na yarda, ɗanɗanon ga tarko ne.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ke ba ni dariya, Kanawa na kukan tsada kamar mu muka ɗora musu. Baba ya faɗi rufe iyaka, amma babban abin kuɗinku ne ya faɗi. Da can jaka guda ta sefa, wato sefa dubu, ba ta yi wa naira dubu nisa sosai ba. A 2024 sai da jaka ta haura naira dubu biyu. Makiyayin da ya kora ragonsa zuwa Maigatari ranar Alhamis lissafinsa da sefa yake yi, don da ita zai sayi hatsi a gida. Ragon bai ƙara kuɗi a wajensa ba, ku ne kuke ƙirga takardu da yawa. Kuma a Mayun 2025, gab da Babbar Salla, hukumarmu ta hana fitar da dabbobi waje don layya ta yi wa mutanen gida sauƙi. Masu kiwo a nan ma ba su ji daɗi ba, don Najeriya ce babbar kasuwarsu.

Batun iya nama kuwa, ku bar shi kawai. Gashinmu a takardar siminti ake rufe shi ya dahu da tururinsa, a ba ka da albasa da burodi. Kilishi kuma ku tambayi mutanen garin Madawa. Har rajista ƙasarmu ta yi masa da sunan kilishin Nijar a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka.

Bakano: Rajista a takarda daban, baki daban. Ka zo unguwar Agadasawa a Kano ka ga inda ake shanya kilishi tun kafin a san wata OAPI.

Ɗan Damagaram: Alhaji, kai da ka ce fere nama da turbuɗa shi a tunkuza yaudara ce? Kilishi fa shi ne sarkin fereriya. A shanya shi ya bushe, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a nuna wa wuta. In tsire ƙuli ne a tsinke, kilishi ƙuli ne a tabarma. Me ya sa shi kake alfahari da shi?

Bakano: Kilishi bai taɓa yi mini alkawarin ƙoshi ba. Tsaraba ce, da farashin tsaraba ake sayensa.

Bazazzagi: An kama Bakano a hannu yana zillewa.

Hajiya ta Kumasi: Salamu alaikum, tun ɗazu nake karantawa. Mu nan zango cicinga ake ce masa, kuma har yau mutanenmu ne riƙe da sana'ar. Tsinken a cure yake, ana saka albasa tsakanin yanka da yanka. Da ƙanwata ta je Yawunde ta ce a unguwar Briqueterie soya suke cewa, a Sudan kuma agashe, wanda ko ba a faɗa maka ba ka ji Hausa a ciki. Kowa ya ɗauka ya gyara daidai bakinsa, babu wanda ya ce na wani mushe ne.

Amma ni ba wannan ya dame ni ba. Ku maza kuna magana kamar ku kaɗai kuke cin naman nan. A gidajenmu cin nama a waje ai shigowa da shi ciki ne. Maigida ya dawo da dare da ƙunshi, mata da yara a zauna a buɗe. Mai jego a kawo mata gashi ta sha da kunun kanwa. Yanzu ina magana da 'yan'uwa a Kano da Katsina, mace ta ce mini ta manta rabon da ta ga ƙunshin nan. Wata ta ce sai ta ji ƙanshin yaji a hannun rigarsa, ta gane a can ya tsaya ya ci na ɗari biyar shi kaɗai, don ya san in ya kawo ba zai zagaya ba. Alhaji, kai da ka kai gida, ko tsinke huɗu ne, Allah ya saka. Amma a ce a koma balangu? Balangun dubu biyu yanka nawa ne? Yara shida za ka raba wa? Tsiren da kake zagi, garin nan da albasar su ne suke sa kowane yaro ya samu abin lasa.

Bakano: Hajiya, wannan kam ta shige ni. Amma ki lura, kin yarda kenan abin lasa ne, ba nama ba.

Hajiya ta Kumasi: Na yarda ya ragu. Ban yarda yaudara ba ce. Wanda ya yaudare ka shi ne wanda ya ce maka rago ne alhali ba shi ba ne.

Ɗalibi a Legas: Iyayena ku yi haƙuri in tsoma baki. Ni a nan in ka ce tsire ba wanda zai gane, suya suke cewa, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmar, alhali mu a wajenmu suya a kasko ake yin ta da mai. Kuma a nan yawanci ba ruwansu da tsinke, shimfiɗa naman ake a kan waya, a yanka maka gwargwadon kuɗinka, wato rabi tsire rabi balangu. A unguwannin masu hali mutum zai sayi na dubu goma bai ko tambayi ragi ba. Ina ganin wannan ma na cikin abin da ke ja mana. Dillali a Wudil yana da mai tirelar Legas a gabansa, me zai sa ya sassauta wa mai tukuba ɗaya? Ku tuna farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da 'yan kasuwar Arewa suka tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, yadda nama ya yi wuya a nan.

Barunje: Yaro ya faɗi gaskiya. Sa mai kyau, mai tozo, kafin mu gama taya shi an yi masa fenti an ɗora a mota. Mu sai mu koma kan wanda ya rage, ko mu haɗu mu uku mu yanka ɗaya mu raba. Da mahaifina tukubarsa kaɗai tana cinye cinya biyu a dare. Yanzu yarana in sun ƙarar da ɗaya sai mu ce kasuwa ta yi kyau. Kuma gyaran nan da aka saba, a ƙara maka yanka biyu bayan an gama, na hana su. Wanda ya ce ɗanɗano a ba shi, amma sau ɗaya.

Basakkwace: To Baba, tsakaninka da Allah, in kai ne ka riƙe dubu biyu, mi za ka saye?

Barunje: In ni kaɗai ne, hanta da ƙoda a wajen mai balangu, babu ƙashi babu jijiya, kuma sun fi tsoka sauƙi. In gida zan kai, tsire, amma ba wanda aka jera a gaba ba. In ce a tsire mini sabo, tsinke biyu na dubu ɗaya ɗaya, in tsaya a gasa a gabana. Kowane mai tukuba zai yi maka in ka nema, mutane ne ba sa son jin an ce tsinke biyu.

Bazazzagi: Ka ji, Alhaji. Ashe kai ka zaɓi huɗu.

Bakano: Ban janye ba tukuna. Yau da dare zan koma wajen mutumin, in ce ya yi mini irin na Baba, in kuma sayi balangun dubu biyu a tsallaken titi. Zan ware ƙashi da kitse a faranti in turo muku hoto. 'Yar tawa ce alƙaliya.

Ɗan Damagaram: Ka ɗaga shi saitin fitila kafin ka biya.

Barunje: Ka je da wuri, kafin tara. Bayan nan ragowar wuya da jijiya ake tsirewa.