Filasma mai sifin: wai mi ya sa ake lissafa ta kamar ruwa?

ƊanFizik: Salamu alaikum jama'a. Ina L3, wato shekara ta uku, fizik nan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, malam ya ba mu ekspoze kan filasmar kwantam mai sifin da relatibite ta Einstein duk a haɗe (filasma iska ce da elektaron ɗinta suka rabu da atom, kwantam dokokin ƙananan ƙwayoyi ne, sifin kamar juyi ne da elektaron ke da shi cikin kanshi, relatibite kuma ita ke aiki in gudu ya kusa na haske), wallahi kaina ya ɗau zafi. Elektaron ƙwayoyi ne ɗai-ɗai, to ƙaƙa ake lissafa su kamar ruwa? Sifin kuma mi ya kawo shi ciki?

NaTibiri: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ga in ana juye buhun gero a babbar kasuwa ba mai bin tsaba guda, yawan da ke kwarara da saurinshi ake dubi. Abin da Madelung ya yi ke nan a 1926, ya juya lissafin Schrödinger ya koma na yawa da gudu, sai wani ƙarin ƙarfi ya ɓullo wanda daga baya aka laƙaba ma sunan Bohm. To in gudun ya kusa na haske, kilomita 300,000 a sakan, Schrödinger ya gaza, sai a koma na Dirac na 1928, shi ko sifin cikinshi yake tun asali ba liƙa shi aka yi ba. Takabayasi ɗan Japan ne ya maida na Dirac ɗin siffar ruwa a shekarun 1950.

MaiWalda: To ni an ce wutar waldata ma filasma ce, in zo in yi maka ekspozen? hhh

NaTibiri: Filasma ce kam, haka walƙiyar damina, amma ba su da cunkoson da zai sa a kira kwantam.

YayaFizik: Ƙanena aikin sifin biyu ne, kar ka cakuɗa. Dokar Pauli ta ce gurbin makamashi guda elektaron biyu kawai yake ɗauka, su ma sai sifin ɗinsu ya saɓa, to a tauraro irin Sirius B inda nauyin cikin cokali guda na kayanshi ya kai tan-tan, gurabun ƙasa-ƙasa duk sun cika, dole saura su hau na sama su yi ta gudu ko babu zafi, matsin nan ne ke riƙe da tauraron, har nauyinshi ya wuce na rana sau 1.4, iyakar Chandrasekhar, sannan ya durƙushe. Na biyu kowane elektaron ɗan maganaɗisu ne, nan duniya zafi ke hargitsa su, amma wajen magnetar, wato tauraro mai tsananin maganaɗisu, ƙarfin maganaɗisun na wuce biliyan 4.4 a ma'aunin tesla, sai su jeru su canza tafiyar igiyoyin filasmar.

ƊanFizik: Na gode yaya, misalin geron nan da shi zan buɗe. Amma ƙarfin Bohm ɗin yana nan yadda yake cikin na Dirac ko siffarshi ta sake?