Neman shawara: an nemi in sauya sunana a wurin aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sunana na yanka Ɗayyabu, sunan kakana ne na wajen uba. Wata huɗu ke nan da na samu aiki a wani kamfani mai hulɗa da abokan ciniki na ƙasashen waje, sai shugaban sashenmu ya ce sunan yana yi musu wuyar faɗa, don haka in riƙa amsa David a waya da imel. Na yi shiru saboda na daɗe ina neman aiki, har aka buga mini katin shaida da sabon sunan. Hankalina bai tashi ba sai ranar da 'yata mai shekara 5 ta ji ina waya, ta tambayi mahaifiyarta ko wane ne David. In haƙura ne, ko in yi magana?

Wani dattijo: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi magana. A 1984 da 1985 gwamnatin Bulgeriya ta tilasta wa Turkawan ƙasar ɗaukar sunayen Bulgeriyawa, kuma a 1989 fiye da mutum 300,000 suka yi ƙaura zuwa Turkiyya. Lamarinka bai kai can ba, amma duk mai son raba mutum da asalinsa, da sunansa yake farawa, kuma kakanka da aka yi wa takwara yana da haƙƙi a kanka.

Wata 'yar'uwa: Baba ya yi gaskiya, sai dai tsoronka ma yana da dalili, ɗan'uwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya nuna cewa takardun neman aiki masu sunayen fararen fata sun fi masu sunayen baƙaƙe samun kiran ganawa da kusan kashi 50 cikin 100. Saboda haka kada ka yi fushi ka ajiye aiki. Ka rubuta wa ofishin kula da ma'aikata cikin ladabi, ka nemi a mayar da sunanka na gaskiya a katin shaida, domin saɓanin suna a takardu yakan jawo matsala wajen banki da fansho. A imel kuma ka rubuta Dayyabu, ka nuna yadda ake furta shi a ƙasan sa hannunka.

Mai tambaya: Na gode, Baba da Yaya. Zan miƙa takardar ranar Litinin in Allah ya yarda, kuma tun jiya na koma gabatar da kaina da Ɗayyabu a waya. Mutum biyu sun nemi in maimaita, na uku kuwa ya faɗa daidai tun karon farko.