Hoton watan ƙanƙara mai feshin ruwa: gaske ne ko zane ne irin namu?

Mai_Fenti_Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. Ni mai fenti ne nan Maradi, allunan shaguna nike rubutawa da bayan manyan motoci. Wata lakkwal mai zaman kanta ta ba ni aiki in zana rana da duniyoyin da ke zagaya ta a bangon kalas ɗin manyan yara, to ina cikin neman hotuna a salula sai na ci karo da wani abu da wallahi ya hana ni barci. Fili ne fari fat duk ƙanƙara, ƙasa ta tsage, ruwa na feshi sama kamar tiyo ya fashe amma tsawonshi ya wuce hankali, ga wata ƙatuwar duniya mai zobe ta cika sama daga baya. An rubuta Enceladus a ƙasa. Na ga kala-kala, wani shuɗi wani fari, wani ma har da ɗan mutum tsaye yana kallo. Wanga abu hoto ne aka ɗauka ko zane ne? In zane ne mi suka gani suka zana? Ban son in sa ma 'ya'yan mutane ƙarya a bango su tashi da ita.

Mushen_Kimiyya:
Wa alaikumus salam malam mai fenti, Allah shi yi ma aikinka albarka, tambayar ta yi min daɗi ƙwarai. Duk hoton da ka ga kamar mutum na tsaye a wurin yana kallo, zane ne, don babu ɗan adam ko na'ura da ta taɓa sauka can. Amma feshin kanshi gaskiya ne. Enseladus wata ne daga watannin Satun, duniyar nan mai zobe da ka gani, wadda Larabawa ke ce ma Zuhal, ɗan ƙarami ne, faɗinshi wajen kilomita 500, bai kai tafiyar Maradi zuwa Yamai ba. Tun 1789 William Herschel ya hango shi da madubin hangen nesa amma ɗigon haske kawai ya gani, sai da kumbon Kasini ya isa Satun a 2004, a 2005 ya ɗauko hotunan da suka nuna wani abu na fita daga ƙasan watan, can kudu. Akwai dogayen tsage guda huɗu jere da juna a wurin, kowace wajen kilomita 130, kamar daga nan zuwa Tasawa ko ta ɗan fi, an sa musu sunayen Bagadaza, Alƙahira, Dimashƙa da Iskandariya. Daga cikinsu abin ke fita, an ƙirga maɓuɓɓuga sama da 100.

To ga inda masu zane ke ƙara gishiri, kuma nan nike so ka natsu tunda bango za ka yi. Ba ruwa ba ne mai zuba kamar na pompo, tururi ne da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara masu laushi kamar gari. Kuma babu iska can, saboda haka ba ya murɗewa ya yi gajimare kamar hayaƙin tuya, miƙewa yake sama ya buɗe a hankali ya dushe. Hotunan Kasini na gaske da feshin ya fito sosai, an ɗauke su ne rana na bayan watan. Ka san in ka shiga zaure lokacin hunturu da safe, haske ya ratso ta ƙofa, sai ka ga ƙura na yawo cikin hasken amma in ka juya baya ga ƙofar ba ka ganin komi? To haka nan ne. Sai zoben Satun, yawancinsu suna zana shi a buɗe kamar faifai don ya fi kyau, alhali Enseladus daidai layin zoben yake zagaye, wanda ke kanshi siririn layi kawai zai gani kamar zare ya ratsa duniyar. Girman dai ba su yi ƙarya ba, Satun daga can ta ninka yadda muke ganin watanmu wajen sau 60, sai dai daga kudun inda feshin yake tana can ƙasa bakin sama kamar rana za ta faɗi, ba tsakar ka ba.

Mai_Galas_Zariya:
Mushe ni kam abin da ban gane ba, ni galas nike saidawa, in kuran ya zauna kwana guda frigo ya yi sanyi sosai ko leda ba ta motsi, dutse take zama. Yaya wurin da aka ce duk ƙanƙara ne zai yi ta feshi? Mi ke dafa shi daga ciki?

Mushen_Kimiyya:
Hajiya tambayarki ita ce ta dami masanan su ma da farko. Saman watan sanyinshi ya kai wajen 200 ƙasa da sifiri, naki frigon ko 20 da ƙyar yake kaiwa. Amma kin taɓa lanƙwasa waya ta ƙarfe kina miƙewa kina lanƙwasawa, ki taɓa wurin ki ji ya yi zafi? Enseladus yana gama zagayen Satun cikin awa 33, hanyar tashi ba da'ira ce cif ba, wani watan mai suna Dione ne ke hana ta daidaita, to wani lokaci ya matso wani lokaci ya ja baya, ƙarfin jan Satun na matsa shi yana saki kullum ba hutu. Wannan ke ɗumama cikin, shi ya sa ƙarƙashin ɓawon ƙanƙarar akwai teku na ruwan gishiri. Kuma ba hasashe ba ne kawai, Kasini ya ratsa ta cikin feshin da kanshi, a watan Oktoba 2015 ya sauko har kilomita 49 daga saman watan, na'urorinshi sun samu gishiri da iskar haidirojin a ciki. Wani ɓangaren feshin yana faɗowa ya rufe watan kamar an barbaɗa gari, shi ya sa yake fari haka, sauran ya tsere ya zama ɗaya daga zoben Satun na waje. A 2023 aka sanar cewa madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya ya ga tururin ya kai nisan sama da kilomita 9000, wato ya ninka faɗin watan kanshi kusan sau 20.

Dalibi_UDDM:
Gaisuwa mushe, ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma ina ɗan taɓa zane a kwamfuta. Ni dai ina ganin kar mu ɗaure ma yaya mai fenti hannu da yawa. NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, da kanta tana sa masu zane su yi mata irin waɗannan, sai dai tana rubuta cewa hasashen mai zane ne, matsalar mutanen Facebook ne da ke yanke rubutun su watsa hoton tsirara. Ko shuɗin nan da yaya ya gani a tsagen, a hotunan Kasini ma ƙara kalar aka yi da gangan don a bambance sabuwar ƙanƙara da tsohuwa, da ido kusan fari za ka gani. To in su sun yi, mi zai hana shi? Ni da ina yaro da na ga irin wannan a bangon kalas ɗinmu da ban jira sai jami'a ba kafin in san akwai shi. Yaya ka sa ɗan shuɗinka cikin tsagen, ka rubuta a ƙasa cewa zane ne bisa abin da kumbon Kasini ya gani a 2005, shi ke nan. Zoben ne kawai nike tare da mushe, ka yi shi siriri, don yaro mai wayo zai tambaya mi ya sa, malaminsu ya samu abin koyarwa.

Mai_Fenti_Bagalam:
Kai Allah shi saka muku, na karanta sau uku. Misalin zauren nan shi ya buɗe min kai, don da fari na yi niyyar in zuba farin fenti mai kauri in yi shi kamar ruwan pompo. Yanzu baƙi zan fara shafe bangon da shi ya bushe, in sa rana 'yar ƙarama ɓoye bayan watan, in ja farin layi a gefenshi, sannan feshin in ɗauko tsohon buroshin haƙori in tsoma a fenti mai ruwa-ruwa in dinga fallatsawa da yatsa, da yawa daga ƙasa yana raguwa sama har ya ɓace cikin baƙin. Na gwada ɗazu a wani guntun kwali a shago ya fara kama. Ɗan mutumin kam na cire shi. Mushe saura abu guda, tsagen huɗu zan rubuta sunayensu da Hausa da ajami a gefe, wacce ce ta farko in na faro daga hagu, ko in turo maka hoton kwalin ka nuna min?